Foldar Tsutsar Auduga

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma Allah ya sani na gwada mantawar ta ƙi, da wata ranar Juma'a da kwamfutata ta tona mini asiri a tsakiyar falona. Ni ɗin nan fa, da na yi shekara ashirin da biyu ina buga takardu a ofishin wani kamfanin gurzar auduga a nan Funtuwa, na fara da tafireta na gama da kwamfuta, har 'yan unguwa suka laƙaba mini Hajiya mai kwamfuta. Idan firintar wani ta cije takarda, ni ake nema. Idan aikin ɗalibi ya ɓace ana gobe zai miƙa, ni ake nema. Na daɗe ina ji da kaina a kan wannan, shi ya sa faɗuwar ta yi mini zafi.

Bari in fara gaya muku yadda gidana yake. Shekara huɗu ke nan da rasuwar Malam, maigidana, wanda malamin gona ne. 'Ya'yana mata biyu suna ɗakunansu, ɗaya a Kano ɗaya a Malumfashi, autana kuma aiki ya riƙe shi a Abuja. Gida mai ɗaki biyar, ni kaɗai a ciki. Inda na ajiye cokali da safe, nan zan tarar da shi da yamma. Akwai ranakun da daga asuba har magariba ba na buɗe baki da kowa, sai fa in mai ruwa ya yi sallama. Kaɗaici ne, ba sai na yi masa kwalliya ba.

Sai kuma babbansu, ɗana na fari. Kada ku jira in rubuta sunansa, ba zan rubuta ba. Mu mutanen Maska ne, jinin Fulani, duk da fillancin ya tsere mana tun zamanin kakanni ya bar mu da kunyar kawai. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ko kallonsa sosai idan da mutane. Ga shi kuma sunan surukina aka sa masa. Ana yaye shi Yaya Asabe, yayar Malam, ta goya shi ta tafi da shi Gozaki, ni kuma na ci gaba da tankaɗen garina kamar ba nawa aka ɗauka ba (na sha yabo a ranar, aka ce yarinyar nan akwai kawaici). Can ya girma. Ita ce uwarsa, ni kuwa Adda yake ce mini, yadda ƙannena suke kirana. Idan zan ambace shi sai in ce mai sunan Baffa. Idan yana gabana sai in ce "kai".

To, shi ne ya kira ni a waya cikin kaka. Yanzu shekararsa talatin da takwas, yana koyarwa a Zariya, kuma ya samu ƙarin karatu a Malesiya na shekara uku, da shi da iyalinsa. Ya ce, "Adda, zan shigo ranar Juma'a in kwashi hotunan Baba da muryoyinsa da ke cikin kwamfutarki. Zan kwana, Asabar in wuce." Haka yake, bai taɓa zuwa gidan nan ba tare da ya riƙo dalili a hannu ba. Idan ya zo a bakin kujera yake zama, ko ruwa zai sha sai ya tambaya. Ni kuma abin da ke cina shi ne, zai tafi shekara uku, ga ni da hawan jini ga shekaru, kuma ko shakka ba na yi a ransa ya ɗauka bai dame ni ba. Wuni ɗaya nake da shi a hannuna, ban kuwa san yadda zan yi da shi ba. Abin da na iya kawai shi ne na jiƙa tsaki na sayo yakuwa, don na taɓa jin Yaya Asabe ta ce yana son fate.

Kwamfutar tawa tsohuwa ce, irin ta kan tebur mai ƙaton akwati, idan aka kunna ta sai ta yi ta gurnani kafin ta farka. A cikinta hotunan Malam suke, da kuma laccocin da ya riƙa ɗauka da 'yar rikodarsa domin manoma, na lokacin shuka, da feshi, da adana hatsi. Za ku ce ai sai a sa filashi a kwashe. Haka shi ma ya ce da ya iso da hantsi, har ya ciro filashin daga aljihu ya duƙa yana neman kafa. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Adda, me ya sami kafofin nan?"

Na ce gam ne. Shekarun baya ɗalibai sun dame ni da filashi masu cuta, sau biyu ana wanke mini kwamfuta, ran nan haushi ya ɗebe ni na samo gam mai ƙarfi na toshe kafofin gaba ɗaya, na gaba da na baya (a lokacin gani nake na yi dabarar da ba wanda ya taɓa yi). Ya mayar da filashinsa aljihu. Ya ce to tunda akwai rawuta a gidan, wato na'urar da ke raba intanet, ita tawa ta kebul take haɗe, shi kuma laftof ɗinsa zai hau wayifai, sai mu tura fayilolin kai tsaye daga wannan zuwa waccan. Na ce ai abin minti goma ne. Na faɗa da irin muryar da nake yi wa ɗalibai magana.

Kafin in ci gaba, akwai abin da ya kamata ku sani, duk da ba na son faɗa. 'Yata ta Kano ta taɓa sayo mini abin sawa a kunne mai makirfo don mu riƙa gaisawa ta bidiyo. Wata rana bayan la'asar, shiru ya ishe ni, sai na gano ana iya ɗaukar murya da shi. Da farko karatun Alƙur'ani nake ɗauka in saurara, don dai a ji muryar mutum a gidan ko da tawa ce. Daga nan ban san yadda aka yi ba na fara yi wa mai sunan Baffa magana. In yi masa sallama, in kira sunansa gatsau, in ba shi labarin unguwa, in yi masa faɗan da ban taɓa yi masa ba, in gaya masa abubuwan da bakina ba zai iya furtawa ba idan yana wurin. Ban taɓa nufin ya ji ba. Muryoyin suka taru fiye da ɗari. Na zuba su a folda ɗaya, na zauna na yi tunanin sunan da ba mai hankalin da zai yi marmarin buɗewa, na rubuta "Tsutsar auduga". Na kuwa yaba wa kaina da wannan hikima.

Muka fara aiki. Ya zauna a falo da laftof, ni ina ɗakin da kwamfutata take, ƙofa a buɗe tsakaninmu. Na raba foldar hotunan Malam yadda na sani, na ce masa ya duba.

"Ba na ganin taki, Adda."

"Sake dubawa dai."

"Babu kowa a nan sai ni."

Muka ɗauki kusan rabin awa a haka. Na kashe na kunna. Ya kashe ya kunna. Na cire kebul na hura masa iska na mayar (ban san me iskar take yi ba, amma haka muke yi tun a ofis). Daga baya ya gano ashe laftof ɗinsa ba ta kan wayifan gidan sam, ta maƙale wa intanet ɗin wayarsa da ke cikin aljihu. Kowa yana duniyarsa, muna ta kiran juna. Na ji daɗi da laifin farko ya zama nasa, har na ce, "Ku 'yan zamani ke nan." Ya yi ɗan murmushi. Rabon da in ga murmushinsa kusa haka na manta.

Ya hau wayifan gida, amma har yanzu shiru. Na fito na tsaya a bayansa, nesa kaɗan, ina leƙen allon. Ya shiga nan ya fita can, sai ya ce ya ga matsalar. Wai duk sabon wayifan da laftof ta hau, sai ta ɗauke shi a matsayin na wurin jama'a, irin na tasha ko otal, ta rufe ƙofofinta ta ƙi kula kowa. Sai an gaya mata cewa nan gida ne sannan take sakin jiki. Na ce to gaya mata mana. Ya danna, ya ce ya gaya mata. Na koma ɗaki da sauri, don maganar ta taɓa ni a inda ban shirya ba, na tsaya ina gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Sai kuma aka dawo kaina. Tawa ma ashe a ɓoye take, an kashe abin da ke sa wasu kwamfutoci su gan ta, ga kuma manhajar kashe cuta da na sa mata ta tsare hanya kamar mai gadin banki. Duk ni na yi wannan da hannuna shekarun baya, na kuma manta. Ya shigo ɗakin bayan ya yi sallama (a gidan ubansa fa), ya tsaya a gefena yana nuna mini da yatsa inda zan danna. Ni da ake kira Hajiya mai kwamfuta, ga ni ana ce mini "a'a, na ƙasan". Amma gaskiya ban so a gama ba. Tunda aka haife shi ba mu taɓa yin magana mai tsawon wannan ba, ko da yake duk a kan kebul ne da saiti.

Wajen sha biyu da rabi sai na ji ya ce daga falo, "Alhamdu lillahi, ga ta nan ta fito." Na fito da fara'ata. Ya danna sunan kwamfutar, sai wani ɗan akwati ya buɗe yana neman sunan mai ita da kalmar sirri. Ya rubuta sunan, ya ɗora yatsunsa a kan maɓallai ya ce, "Faɗo kalmar sirrin, Adda."

Nan fa ake yin ta. Kalmar sirrin kwamfutata sunansa ne, da shekarar da na haife shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan kullum da safe shi nake fara bugawa kafin komai. Ba wanda ya sani, ko Malam bai sani ba har ya koma ga Allah.

Na ce, "Kawo in buga da kaina."

Ya turo mini laftof ɗin, amma bai matsa ba, yana tsaye a kaina. Yatsun mai tafireta kuwa ba sa shawara da kai. Kafin in ankara sun buga harafi uku na farko, sai na yi maza na karkace na cika da shirme. Kwamfuta ta ce ba daidai ba. Na sake buga wani shirmen. Ta sake ƙi. Na ce ai maɓallan laftof ɗin nan ne ba su da kan gado, sun yi laushi da yawa.

"To faɗa mini in buga."

"Na manta."

"Amma ai ɗazu kika buɗe ta da ita."

"Yatsuna ne suka sani, ba kaina ba."

Sai ya ce, cikin ladabin nan nasa da ke ƙara ƙona mini rai, "To ki buɗe farar takarda a taki ki buga a can, sai in karanta." Ya rufe mini kowace hanya. Ina tsaye ina zufa, mace mai jikoki tara, ina neman ƙaryar da zan yi wa ɗan da na haifa. Allah ya taimake ni aka fara kiran sallah a masallacin Juma'a. Ya duba agogo, ya rufe laftof ɗinsa ya ce idan ya dawo sai mu ci gaba, zai kuma biya tasha ya taho da Gwaggonsa, wato Yaya Asabe, da ta taso daga Gozaki don su yi sallama.

Yana fita na faɗa kan kujerata. Tasa a kulle take, da yatsansa take buɗewa, ba halin in buga masa a ɓoye. Hanya mafi sauƙi ita ce in canza kalmar sirrin zuwa wani abu, ko masara ko dawa, in ya dawo in ce na tuna. Har na buɗe wurin canzawa. Na kasa. Nan ne kaɗai a duniya nake rubuta sunan yaron nan ba mai ce mini don me, sai na ji kamar in na goge shi na sake miƙa shi a karo na biyu. Sai wata dabara ta zo mini (ku lura, duk bala'in da ya same ni a labarin nan da dabara ya fara). Na tuna akwai inda ake kashe neman kalmar sirri gaba ɗaya. Na nemo shi na kashe. Na koma wurin rabawa na zaɓi kowa da kowa, na ba da izinin karantawa, na ba da na rubutawa, duk wani akwati da na gani na sa masa alama, don kada ya sake samun abin da zai tambaye ni. Fate yana kan wuta yana neman kamawa, ina sauri. Abin da ban lura ba shi ne, maimakon foldar hotuna, babbar foldar da ta haɗiye komai na raba.

Suka dawo bayan an sauko. Yaya Asabe ta tsufa amma bakinta bai tsufa ba, tun daga zaure take cewa, "'Yar Maska, ina kike? Halan kina can kina danne-dannen naki." Muka gaisa, na shimfiɗa mata darduma a falo. Na ce wa mai sunan Baffa, ina kallon bango, "Kai, gwada yanzu." Ya gwada, ta buɗe ba tambaya. Ya ce, "Ikon Allah, me kika yi mata?" Na ce, "Aikinmu ne ai." Na wuce kicin ina tafiyar ƙasaita.

Ina can ina zuba fate a kwano, ina jiyo su sama-sama. Yana cewa hotuna suna shigowa, Yaya Asabe tana cewa a nuna mata ɗan'uwanta. Sai na ji ya ce, "Gwaggo, ga ma laccarsa ta tsutsar auduga. Ita ce wadda ya tafi da ni Malumfashi ranar da ya yi ta, ina aji uku. Bari in kwafe ta in sa miki ki ji muryarsa." Wallahi na ji maganar da kunnena, amma kaina bai ɗauka ba, hankalina yana kan man shanun da nake soyawa. Har cewa na yi a raina, Allah sarki, ashe yana tune. Na ɗauki tire na nufi falo. Na tarar Yaya Asabe ta gyara zama, ta riga ta kai gefen mayafi ido tana jiran muryar ƙaninta, shi kuma ya ƙure ƙarar laftof ɗin saboda kunnenta.

Sai muryata ta cika falon. Na yi sallama, na kira sunansa. Ba sau ɗaya ba, sau uku, na ukun har da ja masa wutsiya yadda ake yi wa jariri.

"Yau Talata," in ji ni daga cikin laftof, "an yi ruwa da safe. Na ga hotonka na sallah da ƙanwarka ta turo, ka rame. Ba ka cin abinci ne? Ko da yake ba laifinka ba ne, tun kana ƙarami aka saba maka da miya ba mai. Yaya Asabe mutuniyar kirki ce, amma in ta zo zuba mai sai ka ce hannunta ciwo yake."

Na dire tiren ban san a ina ba. Na yi kan soket na fizge wayar cajin laftof ɗin da ƙarfina. Ni a zamaninmu idan ka cire wa na'ura wuta ta mutu ke nan. Na manta wannan da batir take. Muryar ta ci gaba abinta, a natse, ba ruwanta da halin da nake ciki.

"Ranar da ta tafi da kai kowa ya ce na yi kawaici. Ƙarya ne. Bayan rumbu na zagaya na cusa zane a baki na yi kuka har na gode Allah. Rigarka ɗaya mai ruwan ƙwai na ɓoye, ana ta nema na ce ban gani ba. Tana nan ƙasan akwatina har yau."

Na ruga ɗaki na kashe tawa kwamfutar daga bango. A banza, ya riga ya kwafe. Na dawo falo, na rasa abin yi, na ɗauki faifan da na rufo fate da shi na kifa a kan laftof ɗin. Har yau ban san me na zaci faifai zai yi ba. Shi kuwa ya sandare, kansa a ƙasa, kunnuwansa kamar ba nasa ba. Da ya miƙa hannu zai tsayar, sai Yaya Asabe ta ce, "Bar shi, ban gama jin laifina ba."

Ban tsaya na ji sauran ba. Na shige kicin na turo ƙofa. Daga lokacin har rana ta yi sanyi ina wanke tukwanen da na riga na wanke, ina buga su da gangan don kada in jiyo komai. Kunyar da na ji ba irin ta wanda ya yi tuntuɓe a gaban mutane ba ce. Ji na yi duk abin da na shekara talatin da shida ina rufewa an ɗage shi lokaci ɗaya, kuma da hannuna. Na yi kuka, na yi wa kaina dariya, na sake yin kuka.

Can Yaya Asabe ta turo ƙofar ta zauna a kan turmi. Ta daɗe tana kallona.

"Man dai tsada gare shi shekarun nan, 'yar Maska," ta ce. "Ba rowa ba ce."

Na ce, "Yaya, ki yafe mini."

"Mi zan yafe? Ke kin yi naki bayan rumbu. Shi kau wata shidda ya yi yana bin duk macen da ta shigo gidana yana leƙa fuskarta. Ban gaya maki ba, na ce kar in tada maki hankali, tunda na ga abin bai dame ki ba. Ashe duk mun iya ɓoyo." Ta tashi tana dafa gwiwa. "Faten ya yi daɗi. Kwano biyu ya sha. Kin kau zuba mai, ba laifi."

Da shi kuwa ba mu ce wa juna komai ba. Da magariba ya gaishe ni ta bayan ƙofa, na amsa ta bayan ƙofa. Da safe ya sa kayansa a mota, Yaya Asabe ta shiga gaba zai sauke ta a tasha. Ya durƙusa ya ce, "Adda, zan wuce." Na ce, "Allah ya tsare, ya ba da abin da aka je nema." Takalmansa nake kallo. Duk abin da na tsara zan faɗa, ko ɗaya ban faɗa ba. Motar ta fita, na rufe ƙofar gida, shirun nan ya dawo ya zauna a wurinsa. Na ce shi ke nan, na samu wuni ɗaya na ɓata shi da hauka, yanzu zai tafi yana ganin uwar tasa ba ta da kunya kuma ba ta da hankali.

Da hantsi na kunna kwamfuta da niyyar goge foldar gaba ɗaya. Na buga sunansa ta buɗe. Na shiga Tsutsar auduga, sai na ga wani fayil a can ƙasa wanda ba ni na sa ba. Sai a lokacin na tuna ya sake kunna ta da yamma don ya ƙarasa kwashe hotuna, kuma ai ni na ba kowa izinin rubutawa. Na sa abin kunne na danna. Abin da na fara ji shi ne ƙarar tukwane daga nesa, nawa, ina ta fama a kicin. Sai gyaran murya, sau biyu.

"Inna," ya ce. "Na kwafe su duka. Ki yi haƙuri, ba zan goge ba. Kalmar sirrin kuma tun harafi na uku na gane, kafin ki karkace. So na yi in ji ko za ki faɗa." Ya sake gyara murya. "Ki ajiye rigar, in na dawo ina so in gani. Kuma don Allah ki rufe rabon nan da kika buɗe, duk maƙwabcin da kika ba wayifan gidan nan zai iya shiga."

Na saurara sau nawa ban sani ba, amma sai da na fara tashi na rufe rabon, don gida uku ke shan wayifaina.

Yanzu shekara ɗaya ke nan da tafiyarsa. Duk Juma'a ina ɗaukar murya in tura masa ta waya, shi ma ya turo tasa. Idan kuwa ya kira baki da baki, har gobe ni Adda ce shi kuma "kai", mu gaisa mu tambayi yara mu ajiye. Gidan yana nan da shirunsa, sai dai yanzu in na yi magana na san akwai mai ji. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: kafin ki raba folda ki duba wacce kika danna, laftof tana da batir, kuma idan kina da abin ɓoyewa kada ki sa masa sunan da ɗan malamin gona zai yi ɗokin buɗewa. Yaya Asabe kuma duk zuwan da za ta yi sai ta riƙo mini kwalbar man gyaɗa ta dire a gabana. Kalmar sirrin dai ban canza ba.